Yadda za ka shiga manhajojin babbar kwamfutar IBM daga wayarka ta burauza

Da yawa daga cikin manhajojin da ke gudana a kan babbar kwamfutar IBM, wadda 'yan sana'a ke kira menfirem, an rubuta su tun wayar hannu ba ta zo duniya ba. Harshen COBOL na 1959 ne. IBM ta fito da System/360 a 1964, CICS, manhajar da ke tafiyar da hada-hadar yau da kullum a kan injin, ya biyo baya a 1969, sai allon 3270 mai koren rubutu a 1971. Har gobe manyan bankuna da kamfanonin inshora da na jiragen sama suna aiki da zuriyar wannan inji, kuma IBM ba ta daina ƙera sabo ba: z16 ya fito a 2022, z17 a 2025.

To me ya haɗa mazaunin Gombe da wannan? Aiki daga nesa. Injin yana can Ingila ko Amurka ko Afirka ta Kudu, kai kana Jekadafari ko Pantami, an sa ka cikin masu jiran kira idan wani aiki ya tsaya da dare. Ko kuwa ɗalibi ne kai a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere, kana koyon COBOL don ka ji ana neman masu iya shi. Kiran gaggawa kuma ba ya jira sai kana gaban laftof. Yana iya samun ka a wurin ɗaurin aure a Kumo, waya kaɗai ke aljihunka. Irin wannan lokacin ne aka yi wa wannan hanya. Waya ta duba abu ce, da amincewa da buƙata, da sake tayar da aikin da ya tsaya. Wanda ya ce zai rubuta manhajar COBOL mai layi dubu da babban yatsa a kan gilashi, Allah ya ba shi haƙuri.

Abin da ke faruwa tsakanin wayarka da injin

Burauzar waya ba ta jin yaren babbar kwamfuta. Injin yana magana ne da tsarin TN3270, wato yaren allon 3270 a kan layin intanet, rubutunsa kuma a tsarin haruffa na IBM mai suna EBCDIC yake. Don haka akwai wata kwamfuta, wato saba, a tsakiya, ƙofar shiga, wadda ke riƙe da layin TN3270 ta gefen injin, ta gefenka kuma tana miƙo maka shafin intanet ta HTTPS. Duk abin da za ka yi, da wannan ƙofa kake yi.

Wani abu guda ya kamata ka gane tun yanzu, domin shi ne tushen sauran bayanin. Allon 3270 ba ya aika harafi ɗaya bayan ɗaya. Kamar fom ne da ake cikewa a banki: ka zauna ka cike gurabe duka, sannan ka miƙa ta taga gaba ɗaya, ka jira a dawo maka da amsa. Miƙawar ita ce danna Enter ko ɗaya daga cikin maɓallan umarni da ake kira PF. Allon da aka fi amfani da shi, Model 2, layi 24 ne, kowane layi gurbi 80, wato harafi 1,920 kacal. Hoto ɗaya da aka turo maka a WhatsApp ya fi alluna da yawa cin data. Shi ya sa wannan tsohon tsari yake jure raunin sabis fiye da manhajojin zamani.

Ƙofofin kala uku ne. Akwai wadda ke nuna maka koren allon yadda yake a cikin burauza, kamar manhajar TN3270 da ke cikin teburin Zowe, shirin da aka buɗe wa kowa a 2018, ko kayayyakin kasuwa irin su Virtel da na kamfanin Rocket. Akwai wadda ke sauya allon ya koma shafi mai akwatuna da maɓallan taɓawa, aikin da HATS na IBM ke yi. Ta uku ba allo ba ce sam: ana fitar da ayyukan injin ta z/OS Connect, a gina musu sabuwar manhajar waya. Idan wurin aikinku na da ta ukun, ka huta, ba ka buƙatar wannan rubutu. Ta biyu ta fi daɗin taɓawa, amma ni na fi son ta farko, saboda abin da ke allonka shi ne daidai abin da ke allon abokin aikin da kake waya da shi, ba sai kun tsaya gardamar ina maɓalli kaza yake ba.

Idan aka ba ka adireshin wata tsohuwar ƙofa da ke neman Java a cikin burauza, kada ka wahalar da kanka. Chrome ya daina ɗaukar irin waɗannan tun 2015 ko a kwamfuta, burauzar waya kuwa dama can ba ta taɓa ɗauka ba. Ka nemi mai aiki da HTML5.

Mataki na farko: karɓi bayanai daga mai kula da tsarin

Kafin ka taɓa waya, tura saƙo ga mai kula da tsarin ka nemi adireshin ƙofa, da bayanin VPN, wato keɓaɓɓen layin tsaro zuwa wurin aiki, idan da shi ake shiga, da sunan shigarka, da sunan manhajar da za ka nufa, wanda suke kira APPLID. Ka tambaye shi lambar tsarin haruffa, 037 ne ko 1047 ko 1140, da girman allo, da kuma minti nawa layi ke yi a buɗe idan ba a taɓa komai ba. Sannan ka tambaya a rubuce ko an yarda a shiga da wayar kai. Wurare da yawa ba su yarda ba sai da wayar da suka ba ka. Bayanan mutane ne a cikin injin nan, kuma a nan gida ma akwai dokar kare bayanan sirri ta 2023. Amsar da aka ba ka a rubuce ita za ta tsaya maka ranar da magana ta taso.

Mataki na biyu: gyara wayar

Sa wa wayar makulli, lamba ko zanen yatsa. Sabunta burauza. Shiga saitin batir ka cire burauzar da manhajar VPN daga jerin waɗanda wayar ke kashewa don tattalin caji. Wayoyin Android da muka fi riƙewa a nan suna da zafin hannu wajen wannan: ka leƙa saƙo na minti ɗaya, ka dawo ka tarar layi ya yanke.

Sai allon rubutu, wato kibod ɗin da ke fitowa a fuskar wayar. Kashe gyaran kalma na kai tsaye, kashe hasashen kalma, kashe sa babban baƙi a farkon jimla, kashe ƙara tazara bayan aya. Wayar da ta saba gyara maka "sannu" za ta ga umarni irin CESN ta mai da shi wata kalmar da ta ga dama, ko ta maƙala masa tazarar da idonka ba zai gani ba.

Buɗe juyawar allo ka kwantar da wayar. A tsaye, gurbi 80 ba ya karantuwa. Matsalar kwanciya kuma ita ce allon rubutu yana cinye rabin fuskar wayar. Maganin da ya fi kowanne shi ne ƙaramin kibod na Bluetooth, ko na USB da 'yar mahaɗar OTG, wadda za ka samu wurin masu kayan waya a babbar kasuwar Gombe. Ka duba da kyau yana da jerin F1 zuwa F12 kafin ka biya. Wasu ƙananan sai an haɗa da Fn suke bayarwa, wasu kuma babu su gaba ɗaya. In ba kibod, akwai Hacker's Keyboard a Android mai ɗauke da Tab da Ctrl da maɓallan F.

Mataki na uku: shiga

Kunna VPN, jira ya nuna ya haɗu. Rubuta adireshin da hannunka karon farko, ka ajiye shi a alamomin burauza, daga nan kada ka ƙara bin wani mahaɗi da aka turo maka ta saƙo. Adireshin ya fara da https. Idan burauza ta yi gargaɗin cewa takardar shaidar shafin ba ta inganta ba, tsaya nan ka kira mai kula. Kada ka danna ci gaba don kana sauri.

Sau biyu za ka gabatar da kanka. Na farko ga ƙofa, yawanci da lambar wucin gadi daga manhajar tantancewa. Na biyu ga injin kansa. Allon farko kan nuna tambarin kamfani da aka zana da haruffa, da gurbin rubuta inda za ka. Wani wurin jerin zaɓi ne, wani wurin sai ka rubuta LOGON APPLID da sunan a cikin baka. Idan CICS ka shiga ka tarar da allo ba gurbin suna, danna maɓallin Clear da ke jerin maɓallan ƙofa, rubuta CESN, danna Enter, allon suna da kalmar sirri zai fito. Idan TSO ne, wato wurin ba injin umarni kai tsaye, zai nemi sunanka, sannan ya kai ka ISPF, allunan zaɓi da ke kansa, ko ya tsaya a kalmar READY yana jiran umarninka.

Kalmar sirri ta gargajiya a RACF, manhajar tsaro mai gadin injin tun 1976, ba ta wuce harafi 8. Wasu wuraren sun koma doguwar jimlar sirri. Yayin da kake rubutawa ba za ka ga komai ba, ko taurari ba ya nunawa, haka aka yi gurbin. Ka rubuta a hankali. RACF yana ƙirga kuskure, idan ka kai adadin da aka sa masa sai ya soke sunanka, kuma ba mai buɗe maka sai ma'aikacin tsaro. Idan ka yi kuskure sau biyu, dakata ka duba allon rubutunka kafin ka sake. Burauza za ta tambaye ka ko ta ajiye kalmar, ka ce a'a.

Mataki na huɗu: maɓallai, inda aikin yake

Nan ne mutane suka fi shan wuya, ba wurin haɗa layi ba.

Fara da layin da ke can ƙasan allo. Ba na manhaja ba ne, na allon ne, shi ke gaya maka halin da ake ciki. Idan ka ga X SYSTEM ko X da alamar agogo, injin yana aiki a kan abin da ka aika, kuma an kulle rubutu. Jira. Idan ka ga X da ɗan hoton mutum da kibiyoyi, ka yi rubutu ne a inda ba gurbi ba. A waya wannan yana faruwa kullum, saboda yatsa ya fi gurbin kauri: ka nufi gurbin lambar asusu, ka sauka a kan rubutun da ke gefensa. Allon zai daskare, ka yi ta dannawa ba abin da ke shiga, har ka fara zagin sabis. Sabis lafiyarsa ƙalau. Nemo maɓallin Reset a jerin maɓallan da ƙofa ta ba ka, danna shi, X ya ɓace, ka ci gaba. Don ka rage faruwar haka, daina taɓa gurbi da yatsa. Yi amfani da Tab, shi ke tsallakawa daga gurbin da aka yarda a yi rubutu zuwa na gaba.

Ƙofa mai kyau tana da jerin maɓallai da ake janyowa daga gefe ko ƙasa: PF1 zuwa PF24, PA1 zuwa PA3, Clear, Reset, Attn. A kibod na waje, F1 zuwa F12 su ne PF1 zuwa PF12, yawanci kuma Shift da F1 ne PF13. Bisa al'ada PF1 taimako ne, PF3 fita ko komawa baya, PF7 hawa sama, PF8 sauka ƙasa. A ISPF, PF10 da PF11 suna matsar da allo hagu da dama. Al'ada ce kawai, ba doka ba. Wanda ya rubuta manhajar a 1985 yana iya sa PF3 ya zama wani abu dabam, don haka karanta layin da ke lissafa maɓallan a ƙasan kowane allo kafin ka danna.

Enter ma sai an lura. A wasu ƙofofin, maɓallin da ke kan allon wayarka yana aikawa ne. A wasu kuma sauka kawai yake zuwa layi na gaba, Enter na gaske yana cikin jerin da ake janyowa. Gwada shi a allon da ba shi da haɗari.

Maɓallin komawa baya na waya, da jan shafi ƙasa don sabuntawa, waɗannan biyun ka ɗauka babu su. Na burauza ne, injin bai san da su ba. Jan shafi ƙasa da kuskure yana iya yanke zamanka gaba ɗaya.

Sai batun sunayenmu. Tsarin haruffa 037 da 1047 ba su da ƙ da ɗ da ɓ, ba su da alamar naira. Idan allon rubutunka na Hausa ne ka rubuta Ɗanjuma ko Ƙasimu, ko dai allon ya ƙi karɓa, ko ya sauya harafin da wata alama. Rubuta da D da K na yau da kullum, kuɗi kuma NGN. Haka nan wajen nema: yawancin tsofaffin manhajoji da manyan baƙaƙe suka ajiye suna, a gurbi mai iyaka, don haka dogon suna yana iya kasancewa a gutsure. Nemi farkon sunan kawai idan manhajar ta yarda.

Ka kuma riƙa duba agogon injin, ba naka ba. Misali, idan injin a Niyok yake, tana bayanmu da awa shida lokacin sanyinsu, awa biyar lokacin zafi. Ayyukan dare da suke gudanarwa suna cin safiyarmu, shi ya sa wani lokaci ka shiga bayan asuba ka tarar an rufe wasu fayiloli.

Idan sabis ya ɗauke

Zai ɗauke. A hanyar Dukku ko ta Bajoga akwai wuraren da ba makawa. Ko a cikin gari, wayar ta sauka daga Wi-Fi ta hau data, adireshinta na intanet ya canza, layin ya tsinke. Saboda haka zaɓi ɗaya tun farko ka kashe ɗayan, kuma in abin mai muhimmanci ne, sauka daga mota ko ka jira a tsaya.

Babban haɗarin shi ne yankewa daidai bayan ka danna Enter a kan abin da ke canza bayani, kamar tura kuɗi ko tayar da aiki. Ba ka ga amsa ba, amma wannan ba ya nufin saƙon bai isa ba. Sau da yawa injin ya karɓa ya gama, amsar ce ta maƙale a hanya. Kada ka maimaita. Sake shiga, je allon bincike, duba ko abin ya riga ya shiga. In aiki ka tura, duba jerin ayyuka a SDSF, allon da ke nuna halin ayyukan da aka tura. Minti biyun da za ka kashe a nan ya fi yinin da za a yi ana warware biya sau biyu.

A TSO, idan layi ya yanke, zamanka na can a raye na ɗan lokaci. Ka zo shiga ya ce sunanka yana kan aiki. A allon shiga akwai zaɓin Reconnect. Sa masa S, ka rubuta kalmar sirri, ya mai da kai inda ka tsaya. In ya ƙi, sai ma'aikacin injin ya soke tsohon zaman.

Fita

Rufe shafin burauza ba fita ba ce. A CICS, danna PF3 har ka bar manhajar, Clear, sannan CESF LOGOFF. A ISPF, rubuta =X ko ka yi ta PF3 har READY, sannan LOGOFF. Bayan haka fita daga ƙofa, kashe VPN. Kada ka ɗauki hoton allo mai bayanan mutane: wayar tana loda hotuna zuwa ma'ajiyar intanet da kanta, ga kuma yara da ke karɓar waya su yi wasa da yamma.

Yadda za ka yi atisaye a gida ba tare da injin kowa ba

Ba sai ranar gaggawa za ka fara neman Reset ba. Da tsohuwar laftof mai Ubuntu za ka iya haɗa komai. Hercules manhaja ce kyauta da ke kwaikwayon babbar kwamfuta, an fara ta a 1999, kuma akwai kunshin TK4- da TK5 da ke zuwa da tsohon tsarin gudanar da injin, MVS 3.8j, a shirye. Sauke ɗaya, buɗe shi, shiga jakarsa a tagar umarni ka rubuta ./mvs, ka ba shi 'yan mintoci ya tashi. Yana sauraro a mashiga mai lamba 3270.

A wata tagar umarni, girka abubuwa biyu:

sudo apt install c3270 ttyd

c3270 shi ne allon, ttyd kuma shi ke mai da tagar umarni shafin burauza, wato shi ne ƙofarka. Tayar da su tare:

ttyd -p 8090 -W -c dalibi:sirrinka -t fontSize=12 c3270 -model 2 -secure 127.0.0.1:3270

Sababbin fitowar ttyd suna buƙatar -W kafin su bari a yi rubutu. Idan naka tsoho ne ya ƙi gane -W, cire -W ɗin daga umarnin. Shi kuma -secure yana toshe hanyar da mai shiga zai bi ya fice daga allon ya kai ga umarnin c3270.

Kunna hotsifot na wayarka, haɗa laftof da shi, rubuta hostname -I ka ga adireshin laftof. A burauzar waya rubuta http:// da wannan adireshi da :8090 a ƙarshe. Ba ya cin data, domin maganar tsakanin na'urorin biyu ce kawai. Ba burauza suna da kalmar sirrin da ka sa bayan -c, sannan shiga injin da LOGON HERC01, kalmar sirrin da kunshin ke zuwa da ita CUL8TR ce. Idan allon ya fito a yanke, rage lambar fontSize. A c3270, Ctrl da r ne Reset.

Yanzu yi ɓarnar da gangan. Rubuta a inda ba gurbi ba ka ga X. Kashe hotsifot ana tsakar aiki ka ga yadda dawowa take. Rubuta Ɗanladi da ɗ ka ga abin da zai fito. Wannan haɗi ba shi da HTTPS, kalmar sirrinsa kuma duniya ta sani, don haka a cikin ɗaki zai tsaya, kada ka buɗe shi ga intanet. Wanda ke son taɓa z/OS, tsarin gudanar da injin na zamani, IBM Z Xplore yana ba da damar koyo kyauta a kan injin gaske.

Idan ka gama, kada ka rufe murfin laftof haka kawai, kuma kada ka bari batir ya mutu a kansa lokacin da aka ɗauke wuta, don faifan MVS na iya lalacewa. A TK4-, danna PF3 har ka isa READY, rubuta SHUTDOWN, sannan LOGOFF, ka jira Hercules ya rufe da kansa.